Ƙidayar kalori a wajen gida: yadda ake ƙiyasta abincin saye da na biki, da yadda ake cewa an ƙoshi

Wanda likita ya ce wa ya rage ƙiba saboda hawan jini ko ciwon suga yakan iya riƙe ƙa'ida muddin abincin gidansa yake ci. Wahalar tana farawa ne da zarar ya fita: wajen mai tuwo a kasuwa, teburin mai shayi, zaman fada, suna, ɗaurin aure. A nan babu ma'auni, babu takardar da ke faɗin abin da ke cikin faranti, ga kuma idanun jama'a a kan hannunsa. Ga Bahaushen da ke zaune a Nima ta Akara, ko zangon Kumasi, ko unguwar Briqueterie ta Yawunde, zama a ci tare yana cikin manyan igiyoyin da ke riƙe zumunci a ƙasar da ba kowa ke jin yarensa ba, don haka janye hannu daga kwano ba ƙaramin abu ba ne.

Mene ne kalori

Kalori ma'auni ne na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci. Abin da ake kira kalori a maganar yau da kullum shi ne wanda ake rubutawa kcal a jikin gwangwani ko leda. Kayan da suka fito daga Faransa da sauran ƙasashen Tarayyar Turai suna ɗauke da lambobi biyu, kJ da kcal, a kan kowane giram 100. Na biyun ake dubawa. Na farkon ya ninka shi sau huɗu da 'yan kai, kuma yakan tsorata wanda bai sani ba.

Giram ɗaya na sitaci ko suga yana ba da kalori 4. Giram ɗaya na furotin, wato sinadarin gina jiki da ke cikin nama, wake da ƙwai, shi ma 4. Giram ɗaya na mai ko kitse kuwa 9 ne. Kusan duk abin da mai ƙidaya ke bukatar sani yana cikin wannan bambancin. Ana yawan ɗaukar kalori 2,000 a yini a matsayin matsakaicin bukatar mace baliga, 2,500 kuma na namiji, amma ɗan dako a kasuwar Maraɗi da ma'aikacin da ke wuni a kujera ba za su yi daidai ba.

A wasu ƙasashe doka ta sauƙaƙa wa mai cin abinci a waje. A Amurka tun watan Mayun 2018 gidajen abinci masu rassa 20 ko fiye dole su rubuta kalori a jerin abincinsu, Ingila ma ta bi sahu a Afrilun 2022 ga kamfanoni masu ma'aikata 250 ko fiye. Mai sayar da shinkafa da wake a bakin tasha ba ta da irin wannan jeri, awonta ma na kuɗi ne: a zuba na dala hamsin, a ƙara nama na dala ashirin. Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da jadawalin sinadaran abincin Afirka ta Yamma a 2012, ta sabunta shi a 2019, da Turanci da Faransanci, sai dai jadawalin ba zai iya sanin yawan man da wata mai abinci ta zuba a tukunyarta yau da safe ba. Saboda haka abin da ake yi a waje ƙiyasi ne, kuma ƙiyasin ya wadatar idan an san inda kalorin ke taruwa.

Inda kalori ke taruwa

Mafi yawan masu rage ƙiba tuwo da shinkafa suke tsoro, alhali mai ne ya fi yi musu ɓarna. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kusan kalori 120 ne, wato dab da giram 100 na dafaffiyar shinkafa, wadda take kusan 130. Shinkafar ana ganinta a faranti, man kuwa ya nutse. Idan mai abinci ta zuba shinkafar da ta kai giram 400, an sami kusan 520. Idan ta bi ta da man da ya kai cokali biyu, an ƙara 240 ba tare da cikin ya ji wani bambanci ba. Dambun zogale abinci ne mara nauyi har zuwa lokacin da aka kwarara masa mai. Haka ƙosai, masa, fanke da soyayyar ayaba, dukkansu suna shan man da aka soya su a ciki. Cewa "kar a sa mai da yawa" kafin a zuba ya fi rage rabin malmala amfani.

Tsire da kilishi suna da nasu lissafin. Naman ba shi ne matsalar ba, ƙulin da aka shafa da man da ake yayyafawa su ne ke ɗaga shi, domin gyaɗa tana da kalori kusan 570 a giram 100. Kilishi kuma an ƙafe ruwansa, shi ya sa ɗan yanki mara nauyi a hannu yake ɗauke da abin da ya fi girmansa.

Teburin mai shayi misali ne mai kyau. Rabin dogon burodin nan na Faransawa kusan kalori 330 ne. Ƙwai biyu 150, man suyarsu 120, cokalin mayonez kusan 95, cokali biyu na madarar gwangwani mai zaƙi a cikin shayi kusan 130. Jimla ta haura 800, kuma mutum zai tashi yana cewa shayi kawai ya sha.

Sai abin sha. Gwangwanin Coca-Cola na santilita 33 yana da suga giram 35, kalori kusan 140. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sugan da ake ƙarawa kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin yini, wanda ga mai cin 2,000 ya kama kusan giram 50, ƙaramin cokali 12 ke nan. Gwangwani ɗaya ya cinye fiye da rabi. Zoɓo, kunun aya, koko da fura da nono na saye ba su tsira ba, don mai sayarwa ta san zaƙi ke dawo da ciniki. Shayin fada kuwa, a Damagaram ko Injamena, hanyar gane shi ita ce a lura da sugan da aka zuba a buta, a raba da yawan kofuna, a ninka da zagaye uku. Ƙaramin cokalin suga kalori 16 ne.

A inda ake ci a tire ɗaya, ma'aikatan lafiya kan koyar da awon hannu: tuwo ko shinkafa gwargwadon dunƙulen hannu, nama gwargwadon tafin hannu ban da yatsu, ganye yadda aka samu. Mutum zai iya shata wannan a gefensa da ido tun kafin a fara, ya kuma ci a hankali. Wanda ya riga kowa gamawa shi ake tura wa ƙari.

Matsin jama'a

Wannan ɓangaren ya fi lissafi wuya. A wurare da dama har yanzu ƙiba alamar hutu ce, rama kuma alamar ciwo ko talauci. Matar da ta rage kilo biyar za ta ji ana tambaya ko lafiya, ko maigidan ne ba ya kula da ita. Amarya kuwa ana jiran a ga ta yi ɓulɓul. Uwar gida da ta wuni a gindin murhu tana ɗaukar ragowar abinci a matsayin hukunci a kan girkinta. Matsin nan yawanci daga ƙauna yake fitowa, kuma wanda ya amsa shi da dogon bayani a kan kalori zai bar wurin da sunan mai girman kai.

Abin da ya fi aiki shi ne a karɓa, a taɓa, a yaba. Ƙin sa hannu gaba ɗaya shi ke zafi, amma loma kaɗan tare da "Hajiya, wannan miya ta yi daɗi, Allah ya ƙara buɗi" takan biya bukatar mai gida. Idan an matsa, gajeren dalili ɗaya ya isa, kuma a riƙa maimaita shi ba tare da an canza ba: "Inna, likita ne ya hana ni mai da suga." Dattawa ba su cika jayayya da maganar likita ba, balle a gidan da aka taɓa jinyar mai ciwon suga. Neman a ƙulle ragowar a tafi da ita gida ma girmamawa ce a al'ada, domin ya nuna ana son abincin. Akwai kuma hadisin da ya yi nuni da raba ciki kashi uku, na abinci, na abin sha da na numfashi. Kowa ya san shi, kuma ambatonsa cikin raha yakan kashe maganar. Abin da bai dace ba shi ne fakewa da azumin da ba a yi ba, ƙarya ce, kuma ranar da aka gane ta komai zai lalace.

Abokan fada sun fi iyaye wuya, don su da zolaya suke matsawa. Karɓar kofin farko da barin na biyu da na uku ya fi ƙin shan duka sauƙi, haka nan neman a zuba wa mutum nasa kafin a sa suga. Bayan mako biyu ko uku sukan saba, wani lokaci har a sami wanda zai bi sahu.

Yini ɗaya na biki ba ya rushe aikin wata guda. Ana ƙiyasta kilo ɗaya na kitsen jiki da kusan kalori 7,700, don haka wanda ke rage 500 a kullum, ya ci ƙarin 1,000 a walima, kwana biyu kawai ya mayar da kansa baya. Kilon da sikeli ke nunawa washegari yawancinsa ruwa ne da gishiri ya riƙe, da abincin da bai gama wucewa ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne wuni da yunwa don a tanadi wuri, sai a isa gidan bikin a ci ninki biyu. Cin ɗan wake ko ƙwai kafin a fita ya fi.

Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan ƙwayoyin rage suga kada ya tsallake abinci don gyara lissafi, domin sugansa na iya faɗuwa har ya suma. Sauyin abinci irin wannan sai da sanin likitansa. Mai juna biyu, mai shayarwa da yara masu tasowa ba a sa su rage kalori da ka. Wanda kuma ƙidayar ta kai shi ga tsoron abinci, ko guje wa taron dangi, ko tilasta wa kansa amai bayan ya ci, ya ajiye lissafin ya je asibiti.