Labarin da ke Barin Hukunci ga Mai Sauraro

A 2015 wani ƙaramin kamfani a ƙasar Suwidin, Frictional Games, ya fito da wasan kwamfuta mai firgitarwa, SOMA. Akwai inda ake kwafe hankalin jarumin, Simon, zuwa sabon jiki, alhali tsohon jikin na nan da ransa. Mai wasa ne zai zaɓa, ko ya kashe shi, ko ya bar shi cikin kaɗaici a ƙarƙashin teku. Wasan ba ya yaba masa, ba ya tsine masa.

'Yan'uwa marubuta, wannan dabara ta girmi kwamfuta a ƙasar Hausa. A 1975 William Bascom ya tattara labaran Afirka masu ƙarewa da tambaya, har da namu. Ku tuna yaron nan da mahaifinsa ya azabtar, wani attajiri ya riƙe shi tamkar ɗansa. Ranar da mahaifin ya bayyana, aka miƙa wa yaro takobi: wa zai sare? Nan mai labari ke yin shiru.

Littattafan soyayyarmu, tun daga shekarun 1980, galibi marubuci ke yanke hukunci a shafin ƙarshe. Ni kuwa da na ba ɗalibaina labarin takobin a nan Dandamisa, har aka kaɗa ƙararrawa aji bai daidaita ba.