Asibitin Galmi da Farashin Bangaskiya

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Ƙonni ta nufi Madawa, sai ya ratsa Galmi. Manoma sun san garin da albasarsa mai ruwan shuni, marasa lafiya kuwa sun san shi da asibitin mishan. Daga Buza, Keita, ƙauyukan kwarin Majiya, har daga Sakkwato, akan kawo majinyata nan tun 1950.

Asalin wannan aiki ya faro ne a Disamba 1893, lokacin da samari uku, Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar kai bishara ƙasar Sudan, wato yankin da ya haɗa da ƙasar Hausa. Babu wata ƙungiya da ta ɗauki nauyinsu. Kafin 1894 ta ƙare, ciwo ya kashe Gowans a Girku, Kent kuma a Bida. Bingham kaɗai ya koma da rai, shi ne ya kafa ƙungiyar da aka sani da SIM. Ƙa'idarta ita ce ba a yi wa ma'aikaci alkawarin albashi: ya dogara ga Allah, ya ci abin da masu bi suka aiko.

Da wannan ƙa'ida SIM ta shigo Damagaram a 1924, sannan ta kafa tasha a Tsibiri, kusa da Maradi. Turawan Faransa ba su saki jiki da 'yan mishan ba, don yawancinsu masu Turancin Ingilishi ne kuma ba Katolika ba. Sai a 1950 Dakta Burt Long, wani likita Ba'amurke, ya buɗe asibitin Galmi. Likitan da zai iya tara dukiya a ƙasarsa ya zaɓi tiyata a ƙasar Adar, inda ruwan sha ma sai an nema. A fahimtar 'yan mishan, barin duniya yana nufin sakin abin da zuciya ta riƙe, kuɗi ne ko suna ko dangi, don a sami hannun yi wa wani hidima.

Amma tarihin da aka fi rubutawa na baƙi ne, alhali 'yan ƙasa ne suka biya farashi mafi tsada. Bature yana da hutu, yana da gidan komawa. Bahaushen da ya karɓi baftisma kuwa a garinsu zai zauna. Wani surukai suka karɓe masa mata, wani aka cire shi daga gadon gona, wani aka ware masa kwanon tuwo a gidan ubansa. A ƙasar da dangi su ne jari, wanda ya rasa su ya rasa mai taya shi gayya, ya rasa mai ba shi rance ran yunwa. Ikilisiya kuma ta ɗora nata sharuɗɗa: mace ɗaya, ba giya, ba taba, ba laya, ba bori.

Daga nan gardama ta tashi a kan mene ne abin duniya. Mishan ta fi ba da ƙarfi ga karatun Hausa, don mutum ya iya karanta Littafi Mai Tsarki, wanda aka buga cikakkensa da Hausa a 1932. Ta yi ɗari-ɗari da makarantar Faransanci, tana tsoron yara su bi aikin gwamnati su manta da Allah. Iyaye Kirista ba su yarda ba. Sun riga sun sadaukar da gado, ba su ga dalilin sadaukar da makomar 'ya'yansu ba. Masaniyar tarihi Barbara Cooper ta bi diddigin wannan saɓani a littafinta na 2006 kan Kiristocin yankin Maradi. Da zuwan 'yancin kai a 1960, 'yan ƙasa suka fara riƙe ragamar ikilisiyarsu, EERN, suka kuma ɗauki ilimin boko da muhimmanci.

Yau Kirista 'yan tsiraru ne a jihar Tawa, kuma yawancin masu kwana a gadajen Galmi Musulmi ne. Asibitin bai sauya addinin Adar ba. Abin da ya sauya shi ne zaman maƙwabtaka, domin da wuya mutum ya ƙi gaisa da wanda ya kwana tsaye a kan ɗansa.