Yadda Gyaɗa Ta Fitar da Cinikin Kano Bayan Ganuwa

Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, Kurmi ce cibiyar cinikin Kano. A nan, bakin Jakara, ayarin Azbin da fataken Gwanja suke sauke gishiri da goro, kuma har Turawa suka ci birnin a 1903 babu kasuwar da ta kama ƙafarta.

Sai jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka kafa tasharsa gabas da ganuwa. Turawa sun sa rai da auduga ne, domin masaƙun Ingila, amma manomin ƙasar Kano, wanda masaƙan gida ke sayen audugarsa da daraja, ya yi nasa lissafin: gyaɗa tana son jigawa, ana cin ta idan shekara ta yi tsanani, harawarta kuma abincin dabba ce. Da kakar 1912 ta kama, jakuna da raƙuma suka cika hanyoyin ƙauye, har buhuna suka fi ƙarfin tarago. Ƙasar Bici, mai yashi da yawan jama'a, tana cikin wuraren da suka ciyar da wannan ciniki, kuma a ganina ba a ba manomanta haƙƙinsu ba a labarin arzikin birnin.

Inda aka kafa sikeli, nan kuɗi ya koma. Kamfanin Neja da John Holt suka gina kantuna kusa da tasha. Kwarori suka zauna a Fagge ta Kudu suna sayar da yadi, wurin da ya zama Kantin Kwari. Aka yanka Sabon Gari domin ma'aikatan da suka zo daga Kudu. Alhassan Dantata, wanda ya rasu a 1955, ya baza yaransa ƙauyuka suna saye, dalar gyaɗa ta tashi.

Farin 1973 da cutar da ta cinye gonaki a 1975 suka karya gyaɗa, kuɗin fetur ya ƙarasa ta. Amma kasuwannin sun riga sun kafu. Kwari ta riƙe atamfa da shadda, Singa ta ɗauki kayan masarufi, Sabon Gari kuma, ko da gobarar Maris 2016 ta lashe dubban rumfuna, ta sake tashi. Amfanin gonar Bici kuwa yau a Dawanau yake sauka, kan titin Katsina, inda 'yan Nijar da Chadi ke zuwa awo.