Kadan Kogin Purus: Shi Ne Ya Fi Kowane Kada Girma?

Wani mai sauraronmu daga Gumel yana tambaya: wai da gaske ne an taɓa yin kadan da ya kai tirela tsawo? A ina ya rayu, me kuma ya gama da shi?

To malam, an yi shi, amma tun kafin zamanin ɗan Adam, kimanin shekara miliyan 8 da suka wuce. Masana suna ce masa Purussaurus, daga sunan kogin Purus na ƙasar Barazil a Kudancin Amurka. Wani masani ɗan ƙasar, Barbosa Rodrigues, shi ya raɗa masa sunan a 1892. Dangin kaiman ne, wato irin kadojin da har yau suke kogunan can.

Ƙoƙon kansa kaɗai ya kusa mita ɗaya da rabi. Sai dai fa ba a taɓa samun cikakken ƙwarangwal ɗinsa ba, da kan ake lissafa sauran jikin. A 2015 wasu masanan Barazil suka ce ya kai mita 12 da rabi, nauyinsa ya haura tan 8, ka ce buhun masara 80 da ɗoriya. Daga baya wasu suka rage, suka ce bai kai haka ba. Ko da na ƙasa aka ɗauka, dodo ne! A Peru an tsinci ƙashin ƙwaurin wata dabba mai cin ganye da sawun haƙoransa har 46, kuma wai ƙarami ne ma ya yi cizon.

Abin da ya gama da shi, a ganin masana, ƙafewar gidansa ne. Da duwatsun Andis suka yi ta tasowa, sai hanyar ruwa ta sauya, manyan fadamun da yake farauta a ciki suka janye.

Batun wanda ya fi girma kuwa, yana da abokan karawa. Akwai Deinosuchus na Amurka ta Arewa, sannan ga namu na gida, Sarcosuchus, da aka tono a Gadoufaoua cikin hamadar Tenere ta Nijar, aka raɗa masa suna a 1966. Kansa ya ɗara na Purus tsawo, amma bakinsa siriri ne, na Purus kuwa faffaɗa ne mai kauri. Na Nijar ya girme shi da shekara wajen miliyan 100, kuma ɗan'uwa ne na nesa kurum ga kadojin yau. Na Purus kam jininsu ne.