Daga Gilasgo zuwa bakin kogin Wudil

Mukan tafa wa yaranmu na Boys' Brigade in suna fareti a harabar coci, amma kaɗan ne cikinmu suka san mafarin ƙungiyar.

William Alexander Smith malamin makarantar Lahadi ne a birnin Gilasgo, ƙasar Sikotilan. Da samarin ajinsa suka gagari zama wuri ɗaya, sai ya kafa ƙungiyar ranar 4 ga Oktoba 1883. A 1886 ya fita da su zangon farko a Tighnabruaich, bakin teku, iyaye suna ta fargaba. Can nesa da gida yaran suka koyi sammako, biyayya da kula da juna. Ƙungiyar ta iso Legas a 1908, daga baya ta bazu cikin ikkilisiyoyin Arewa.

Alamarta anka ce, ƙarfen da ke tsai da jirgin ruwa, bisa ga Ibraniyawa 6:19. Mu mazauna bakin kogin Wudil mun san sai ruwa ya cika ake gane kwalekwalen da aka ɗaure da kyau. Haka bangaskiyar yaro take. Iyaye, in lokacin zango ya zo, mu tabbatar da tsaro da amintattun shugabanni, mu yi addu'a, mu bar su su tafi.