Matoshin Ƙaho: Inda Ya Samo Asali da Wanda Ya Kamata Mu Saya



Tun da Zumuntar Matasa ta sami ƙahoni uku, murna ta cika mu. Amma ba a jima ba wani dattijo maƙwabcinmu ya yi mana sallama. Cikin ladabi ya ce yana da mara lafiya a gida, kuma busar yaranmu da yamma tana hana ta runtsawa. Gaskiya ya faɗa. A da, mai koyon busa yakan fita bayan gari, wajen gonakin da ke shan ruwan madatsar Bakolori, ya busa har leɓensa ya gaji. Yau a ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun, wane uba ne zai bar ɗansa ya nufi daji da la'asar sakaliya? Dole a koya a cikin gari, tsakanin gidajen mutane. Shi ya sa muka yanke shawarar sayen matoshi, abin da 'yan busa ke kira miyut. Kafin mu taɓa kuɗin baiko, bari mu san tarihin abin da za mu saya.

Tun fil azal an ƙera ƙaho ne don a ji shi daga nesa. A Littafin Ƙidaya sura 10, an umarci Musa ya yi ƙahoni biyu na azurfa. In an busa duka biyun, jama'a gaba ɗaya za su taru. In ɗaya aka busa, shugabanni kaɗai ake kira. Mu ma a ƙasar Hausa mun san wannan. Tarihin Kano ya lissafa kakaki cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa ya kawo, shi da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Har yau kakaki na sarauta ne, ba a busa wa talaka, kuma ba wanda ya taɓa tunanin toshe masa baki, domin amfaninsa ke nan a ji shi.

Ƙahon da ke hannun yaranmu ta wata hanya ya biyo. A ƙasar Jamus aka ƙirƙiro maɓallan da ake dannawa da yatsu, inda Heinrich Stölzel da Friedrich Blühmel suka yi rajistar fasahar a 1818. Daga nan ƙaho ya iya fitar da kowace murya ta waƙa. Sojojin Turawa suka shigo mana da begila da badujala. Ƙungiyar Boys' Brigade kuma, wadda William Alexander Smith ya kafa a Glasgow a 1883, ta iso Legas a 1908, daga baya ta bazu cikin ekklesiyoyin Arewa da gangunanta da begilolinta.

Shi kuwa matoshi ya girmi maɓallan nesa ba kusa ba. A 1607, a birnin Mantua na Italiya, mawaƙi Claudio Monteverdi ya rubuta a kan kiɗan buɗe wasansa mai suna Orfeo cewa in za a toshe ƙahoni, to sauran masu kiɗa su ɗaga muryar kayansu mataki guda. Dalili kuwa, matoshin wancan zamani, guntun itace mai rami a tsakiya, yakan sa muryar ƙaho ta hau sama. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. A 1636 wani malamin coci a Faransa, Marin Mersenne, ya zana hoton matoshin a littafinsa na ilimin kiɗa. Sannan a 1795 wani mabushi Bajamushe, Johann Ernst Altenburg, ya rubuta littafi a kan sana'arsa, ya kawo amfanin matoshi: in runduna na son tashi daga sansani ba tare da abokan gaba sun farga ba, in ana jana'iza, da kuma don gwaji na kullum. Ashe damuwarmu ba sabuwa ba ce. Sama da shekara 200 da suka wuce mabusa sun riga sun san ba kowane lokaci ne na ɗaga murya ba.

A farkon ƙarni na 20 baƙaƙen fatar New Orleans a Amurka suka ba abin sabon aiki. Joe Oliver, wanda ake wa laƙabi da King, ubangidan Louis Armstrong, yakan kara kofi ko kwalba a bakin ƙahonsa har ya yi kamar mutum na kuka ko dariya. Bayansa Miles Davis ya yi suna da matoshin da ake kira Harmon, mai siririyar murya kamar raɗa. Sai a 1995 kamfanin Yamaha na Japan ya fito da Silent Brass, matoshi mai ƙaramar makirfo a ciki, mai busa yana jin kansa ta abin kunne, na kusa da shi kuwa ɗan gunaguni kawai yake ji.

Wannan tarihi ya bar mana iri biyu, kuma a nan masu saye ke yin kuskure. Akwai matoshin sauya murya, akwai na gwaji. Miƙaƙƙen matoshi da aka fi gani a kasuwa yana da 'yan guntayen toto uku a jikinsa, iska na wucewa ta tsakaninsu. Yana sa murya ta yi tsini, amma maƙwabci zai ji ta sarai. Mai kama da kofi ya fi shi laushi, shi ma bai isa ba. Na gwaji shi ne wanda toto ko roba ta zagaye wuyansa gaba ɗaya, ya like bakin ƙahon, iska ba ta da mafita sai ta 'yan ƙananan huji. Wannan muke nema. Kamfanoni irin su Denis Wick na Ingila suna yin sa da sanholo, wasu kuma da roba mai tauri. Na Yamaha ya fi kowanne sauƙi ga kunnen mai koyo, amma kuɗinsa zai iya sayen na talakawa da yawa, ga batir, ga waya mai saurin tsinkewa a hannun yara.

Wanda za a aika Gusau ko Sakkwato ko Kano ya tafi da ƙahon a hannunsa, domin bakin ƙaho ba ɗaya ba ne, matoshin da ya zauna daram a wani sai ya faɗo daga wani. Ya gwada abu huɗu. Na farko, ya busa murya ɗaya babu matoshi, ya sake busa ta da shi, yana duba manhajar daidaita murya a wayarsa. Ciwon zamanin Monteverdi bai warke duka ba, wasu har yanzu suna ɗaga murya, kuma yaron da ya saba da haka zai zo sujada yana saɓa wa mawaƙa. Na biyu, ya sauka zuwa muryoyin can ƙasa, domin a nan matoshi mara kyau ke shaƙewa. Na uku, ya lura da yadda iska ke dawo masa. Wanda ya fi kowanne shiru sau da yawa shi ya fi tura iska baya, sai mai koyo ya riƙa matsa ƙarfe a leɓe yana yunƙuri, ya ɗauki halin da zai yi wuyar bari. Na huɗu, nauyi: mai nauyi yana rinjayar ƙaho ƙasa, ya gajiyar da hannun yaro. Gara matsakaici mai faɗin gaskiya da mai shiru ƙwarai wanda zai ɓata hannu.

In ya zo gida, a kula da shi. Lokacin hunturu toto yakan bushe ya ƙi kamawa, sai a hura ɗumin baki cikin ƙahon kafin a sa shi, a ɗan murɗa. Kada a bar shi a rana, zafinmu yana narkar da gam. Na sanholo in ya faɗi a siminti ya loɓa, ya tashi aiki.

Kada kuma matoshi ya zama gidan zama. Ba a koyon cikakkiyar murya da baki a toshe. Shawararmu ita ce: gwajin gida da na yamma da matoshi, ranar Asabar da hantsi kuma a cire shi a busa sosai a majami'a, a tsaya in an kira salla. Manzo Bulus ya yi wa Korintiyawa misali da ƙahon da muryarsa ba ta fita sarai, wanda ba ya tayar da kowa. Muna so namu ya fita sarai ranar Lahadi. Muna kuma so dattijon nan ya ga cewa maganarsa ba ta faɗi ƙasa ba, mara lafiyarsa ta sami barci. Wannan ma shaida ce.

Kwamitin matasa zai zauna bayan sujadar Lahadi mai zuwa. Masu busa su zo da ƙahoninsu. Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.