Jam'iyyar Sawaba da batun aji: talakawa, sarakai da halin ɗan Adam

Bahaushe na cewa hali zanen dutse ne. Masu ra'ayin gurguzu na juyin juya hali ba su yarda da wannan ba. Karl Marx, Bajamushen da ya rubuta sanarwar ƴan kwaminis tare da Friedrich Engels a 1848, yana ganin zaman jama'a ne ke gina halin mutum: wa ke da gona, wa ke noma ta, wa ke cin ribar. A wurinsa rowa da haɗama ba a jini suke ba, tsarin mallakar dukiya ne ke haifar da su, kuma in aka sauya tsarin, mutum ma zai sauya. Waɗanda ya ɗora wa nauyin wannan sauyi su ne ma'aikatan masana'antu.

A Nijar ta zamanin mulkin mallakar Faransa, irin waɗannan ma'aikata ba su taka kara sun karya ba. A Damagaram, wadda ta kasance babban birnin ƙasar har zuwa 1926, rabon da kowa ya sani tun zamanin Sarki Tanimun shi ne na sarakai da talakawa, ga malamai da attajirai a tsakani, ga kuma tabon bauta da bai gama gogewa ba. Manomin gyaɗa na Zermu ko Magariya bai san mai masana'anta ba. Ya san mai karɓar haraji, ya san aikin tilas, ya san ɗan kasuwar da ke yanke wa gyaɗarsa farashi.

A kan wannan rabo ne ƴan siyasa masu neman sauyi suka ɗora maganar aji. A Kano, jam'iyyar NEPU da aka kafa ranar 8 ga watan Agusta 1950, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta daga baya, ta bayyana cewa gwagwarmayar tana tsakanin talakawa ne da masu riƙe da mulkin En'e. A Nijar kuwa Djibo Bakary, tsohon malamin makaranta kuma jagoran ƴan ƙwadago, ya kafa UDN a 1954, jam'iyyar da jama'a suka fi sani da Sawaba, mai alamar raƙumi. Masanin tarihi Klaas van Walraven ya nuna cewa ƙarfinta yana wurin ƙananan mutanen gari: direbobi, teloli, ƙananan ƴan kasuwa, leburori, masu ƙafa ɗaya a birni ɗaya a ƙauye. Damagaram na cikin manyan cibiyoyinta.

Amma lissafin aji bai tafi daidai da littafi ba. Sawaba ta ci zaɓen 1957 ne bayan ta haɗa kai da BNA, jam'iyyar da masu sarauta da yawa ke mara wa baya. Wannan aure bai yi ƙarko ba. Da aka zo ƙuri'ar raba gardama ta ranar 28 ga watan Satumba 1958, Bakary ya ce a kaɗa "a'a" domin samun ƴanci nan take. Faransa ta turo gwamna Don Jean Colombani, sarakai suka juya baya, "i" ta samu kusan kashi 78 cikin 100. An haramta jam'iyyar a watan Oktoba 1959.

Sauran labarin ya fi ɗaci. Matasan Sawaba da suka samu horon soja a ƙasashe irin su Sin, Aljeriya da Biyetnam ta Arewa sun tsallako iyaka a 1964 suna zaton manoma za su tashi tare da su. A wurare da dama mutanen ƙauye ne suka taimaka aka kama su. Wasu masana na danganta wannan da tsoron hukuma da ƴan bangar RDA, wanda ba ƙarami ba ne a lokacin. Wasu kuma na ganin masu tsara shirin sun raina nauyin zumunta, addini da biyayya ga sarki a zuciyar talaka, abubuwan da ra'ayin aji ke ɗauka kamar rigar da za a iya tuɓewa.

Bayan harin gurneti da aka kai wa shugaba Diori Hamani a filin idi na Yamai a watan Afrilu 1965, an murƙushe ƙungiyar. Djibo Bakary ya dawo gida bayan juyin mulkin Seyni Kountché na 1974, aka tsare shi daga 1975 zuwa 1984. Ya rasu a Yamai a 1998.